Tsumman Hawa na Huɗu

Da ta danna maɓallin tukunyar shinkafa, sai Harue ta goge hannuwanta, ta wuce ɗakin baya da ɗan saurin nan nata na mai gajerun ƙafafu. Ta durƙusa a kan tabarma, ta yaye mayafin da ta lulluɓe kwamfutar da shi, ta ninke shi gida huɗu. Ta zaro faifan daga rigarsa ta takarda, ta hura masa iska sau ɗaya, ta zura shi a bakin na'urar. Sannan ta ɗan bubbuga gefenta da tafin hannu, irin bugun da ake yi wa bayan jariri don ya yi gyatsa.

"Tashi, tsohuwa," ta ce mata. "Wata tsohuwar ta riga ki tashi."

Na'urar ta yi gurnani, ta shiga ƙas-ƙas kamar kyanwa na tauna ƙayar kifi. Can sai allon ya buɗe ido, kiɗan nan ya tashi, siriri, mai ɗan karkarwa kamar sarewar gwangwani, wanda Harue ta ji fiye da sau dubu goma, kuma har yau kafaɗunta ba su daina yi masa rawa ba. Minti arba'in tukunyar take ɗauka kafin ta yi kukan cewa shinkafa ta nuna. Wannan minti arba'in na Harue ne ita kaɗai. Duk layinsu na bayan tashar jiragen ruwa ta Sakata an san ba a buga mata ƙofa a wannan lokaci, don tana cikin rijiya.

Kwamfutar ba saya suka yi ba. A ƙuri'ar ƙarshen shekara ta 'yan kasuwar layin ta faɗo musu, shekara talatin da bakwai da suka wuce. Mijinta Genzo, maɗinkin tabarmar ɗaki, shi ya juya gangar ƙuri'ar, ɗan ƙwallo mai ruwan zinariya ya faɗo, jama'a suka ɗauki tafi, shi kuwa ya tsaya yana kallon buhun shinkafar da aka ajiye wa na uku kamar wanda aka raba da masoyiyarsa. Suka turo ta gida a kan keke. Genzo ya kunna ta sau ɗaya, ta rubuta masa wani abu da bai gane ba, ya rusuna mata, ya kashe ta. 'Yarsu Kiyomi ƙwallon raga ne a gabanta. Sai na'urar ta zauna a lungu tana shan ƙura, har ranar da Harue tana shara ta tsinci wani ɗan kwali a gindin akwatin, da faifai ɗaya a ciki, da hoton wata yarinya riƙe da fitila a bakin rijiya.

Wasan ba shi da wuyar faɗi. Ƙararrawar gari ta faɗa rijiya, rijiyar kuwa hawa bakwai ce a ƙarƙashin ƙasa, kowane hawa lunguna ne masu kama da juna kamar tagwaye. Yarinya za ta sauka ta ɗauko ƙararrawar ta hau da ita. Ba a ganin yarinyar, abin da idonta yake gani ake gani: bango a hagu, bango a dama, duhu a gaba. An ce 'yan makarantar wancan zamani a hutu ɗaya suke gama irinsa. Harue kuwa minti arba'in gare ta a rana. Ga surukar da ta yi jinya shekara tara, ga aurar da Kiyomi, ga jikoki biyu. Ga kuma wata ɗabi'a tata: ba ta wuce lungu ba ta leƙa shi ba. Sau uku tana komawa farko saboda ta tuna akwai wata ƙofa can sama da ba su gaisa ba.

Masu irin wannan wasa a takarda mai gida-gida suke zana taswira. Harue ta gwada, fensir ya ƙi hannunta. Abin da hannun nan ya sani tun tana 'yar shekara bakwai allura ce, da ɗinkin matan yankinsu mai tafiya ɗai-ɗai a jere kamar ƙwayoyin shinkafa. Don haka sai ta ɗauko farin tsumman goge kwano da shuɗin zare, kowane taku na yarinyar ta mayar da shi ɗinki ɗaya. Inda matakala take sai ta yi ɗan fure rawaya. Inda rami yake, wanda in an taka an mutu, sai ta ƙulla jan zare. Kowane hawa da tsummansa. Shida ta gama, ta goge su, ta ninke, ta jera a aljihun kabad na ƙasa. Na bakwai yana cikin kwandon ɗinkinta.

A watan Mayun bana, tana da shekara saba'in da uku, abubuwa biyu suka same ta a mako ɗaya.

Ranar Talata ta ɗauki ƙararrawar. Ta ƙwalla ihun da ya fito da Genzo daga bayi riƙe da wando. Amma tana ɗauka sai allon ya yi baƙi ƙirin, wani rubutu ya fito: man fitila ya ƙare, sai ki hau a cikin duhu. Ba bango, ba ƙofa, sai ƙarar taku da ƙarar goshi in ya ci karo da dutse. Harue ta yi dariya har da buga cinya. Waɗanda suka ƙera wasan sun zaci sun gama da ita, ba su san akwai aljihun kabad ba.

Ranar Juma'a kuma na'urar ta fara wani wari kamar ƙonannen kifi, ta ɗauke numfashi da kanta. Aka kira Kumagai, tsohon mai gyaran rediyo na bakin gada. Ya kwance bayanta, ya leƙa, ya shinshina, ya daɗe yana aiki da ƙarfen walda, sannan ya zauna a kan dugadugansa.

"Harue-san," ya kira ta da girmamawa irin tasu, "gaskiya kike so ko daɗin baki?"

"Fara ba ni daɗin bakin."

"Kyakkyawa ce. Ba a ƙera irinta yanzu."

"To gaskiyar fa?"

"Hanjinta ya fara yoyo. Na toshe inda hannuna ya kai. In damina ta shigo da laimarta, ki nemo mata furannin kabari. Mako uku, in ta yi miki kara, huɗu. Kuma kada ki bari ta yi zafi."

Mako uku, hawa bakwai. Harue ta lissafa da yatsu ta ga zai yiwu in ba a yi wasa ba. Kumagai na fita ta ja aljihun kabad na ƙasa. Ba komai a ciki sai ƙamshin maganin asu.

"Baban Kiyomi!"

Ya leƙo da jarida a hannu.

"Ina tsummokarana? Guda shida, na nan ciki."

Fuskar Genzo ta washe. Kana ganinsa ka ga mutumin da ya yi mako shida yana jiran a yaba masa.

"Sai yau kika lura? Ai na fitar da mu kunya."

Ga yadda aka yi. A watan Janairu Genzo ya faɗo daga tsani yana kwashe ƙanƙarar rufin gida, ya karya ƙafa. Gida shida suka zo dubiya, wannan da tuffa, wannan da busasshen kifi. Wanda aka duba kuwa, in ya warke sai ya bi gida-gida ya rama da kyauta. Harue ta yi ta cewa gobe, gobe, har ta tafi Sendai wurin Kiyomi kwana biyar. Shi kuma, don ya nuna ba ƙafa kaɗai ta warke ba har da hankali, ya buɗe kabad ya tarar da kyawawan tsummokara shida cif, kamar don haka aka ɗinka su. Ya haɗa kowanne da sabulu, ya naɗe a farar takarda, ya ɗaure da kirtani, ya ɗauki sandarsa ya bi layi.

"Har Malama Oikawa sai da ta ce aikin hannu ne mai ban mamaki," in ji shi.

"Mai ban mamaki."

"Haka ta ce, da bakinta."

"Tsoho, shekara talatin da bakwai kana zaune a gefena. Me ka zaci nake ɗinkawa?"

"Ado mana."

"Ado? Ka taɓa ganin adon da zai tafi ya ci karo da bango ya juyo?"

"Na zaci irin na zamani ne."

Harue ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta riga faɗan fitowa. Ta yi ta yi har ta kwanta a kan tabarmar da shi ya ɗinka, hawaye na gangara cikin kunnuwanta. Genzo ya tsaya a kanta, sai da ta yi masa bayani dalla-dalla sannan jini ya bar fuskarsa.

"To in je in roƙo su?"

"Ka je ka ce me? Ku dawo mini da godiyata, na fasa? Sai dai mu kwashe kaya mu bar garin."

Ya san gaskiya ta faɗa. A layin nan an yafe wa mutum ya yi maye ya kwana a bakin ƙofar wani, amma ba a taɓa jin wanda ya je karɓo kyautarsa ba.

Da safe dabara ta zo mata tana wanke shinkafa. Ai ba tsumman take bukata ba, ganinsa take bukata. Ga wayar da Kiyomi ta saya mata, mai ɗaukar hoto. Matsala ɗaya: wayar ba ta ɗaukar hoto a ɓoye, sai ta yi ƙyas kowa ya ji. Harue ta tsaya a kicin ta gwada tari iri uku har ta sami wanda yake rufe ƙarar.

Tsumman hawa na shida bai ba ta wahala ba, a igiyar shanya ta matar wanzami ta same shi yana kaɗawa a iskar teku. Ta miƙa hannu ta saman shinge, ta yi tari. Na biyar yana ɗaure a kan mai kifi yana shan gumi. Ta sayi kifi, ta karɓi canji, ta ja da baya ta zaro ido.

"Kada ka motsa. Zanzaro ne a kanka."

Mutumin ya fizge tsumman ya jefar a kan tebur ya yi waje da gudu. Ta shimfiɗa shi, ta yi tari sau biyu don gefe ɗaya ya yamutse. Na uku yana ƙarƙashin wata ƙatuwar kyanwa a gidan tsohon direban jirgin ruwa, sai da aka ba kyanwar cin hancin busasshen kifi ta ɗaga. Na biyu da na ɗaya kuwa a kicin ɗin maƙwabta suke, don haka Harue ta shiga ziyara da faranti a hannu, ana gama shan shayi ta miƙe ta ce ita za ta wanke kofuna, a yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa har ta yi nasara. Cikin kwana huɗu magana ta zaga layi cewa matar Genzo ta yi laushi da tsufa, amma tarin nan nata ba na wasa ba ne. Aka fara aiko mata da citta da zuma.

"Yanzu waɗannan ma sai mun rama," in ji Genzo, yana kallon kwalabe biyar a kan tebur.

"Kai dai kada ka taɓa kabad."

Kowace safiya tana hawa. Waya a jingine da kofin shayi, yatsa ɗaya a kan hoton, ɗaya a kan maɓalli, tana ƙirga taku a cikin duhu da ɗan sautin waƙa. Ta bar hawa na bakwai, ta bar na shida, ta bar na biyar. A rana ta goma sha biyu ta tsaya a gindin matakalar hawa na huɗu, ta ajiye wasan a nan. Wannan hawa shi ya ci mata shekara shida a sauka, da fitila a hannu ma. Ramuka goma sha ɗaya ne a cikinsa. Tsummansa kuwa yana gidan Malama Oikawa.

Malama Oikawa gwauruwa ce mai shekara tamanin, mai koyar da ladabin haɗa shayi, doguwa, miƙaƙƙiya kamar sandar gora. Ba ta shanya a inda ido zai gani, kuma ba mahalukin da ya taɓa ganin kicin ɗinta. Shekara talatin da suka wuce Harue ta taɓa zuwa ajinta sau ɗaya. Ana tsakiyar shiru cikin wata baƙuwa ya yi ƙugi, Harue ta yi ƙoƙarin danne dariya, dariyar ta fito ta hanci tare da koren shayi. Tun daga ranar abin da ke tsakaninsu gaisuwa ce da labarin sanyi da zafi.

Rediyo ya ce gajimaren damina ya taso daga kudu. Harue ta sa rigarta ta fita kunya, ta sayi alewar wake mai tsada, ta je.

Aka zaunar da ita a ɗakin baƙi. Suka yi maganar iska. Suka yi maganar ƙafar Genzo. Suka koma kan iska. Harue ta shanye shayinta ta yunƙura.

"Bari in taya ki wanke kofunan, Malama."

"Zauna abinki, Harue-san."

A muryar da ta faɗe shi, ko kyanwa ce sai ta zauna. Harue ta zauna. Sai ga Malama ta jawo wani baƙin akwati mai sheƙi daga bayanta, ta buɗe, ta fito da tsumman a ninke, ba a taɓa goge ko cokali da shi ba. Ta shimfiɗa shi a tsakaninsu.

"Akwai abin da nake so in tambaye ki, na rasa ta inda zan soma. Wata biyu ke nan ina bin zaren nan da yatsa. Na san ɗinkin garin nan kaf, na uwata da na kakata. Kowanne yana maimaita kansa. Wannan kuwa bai maimaita ko sau ɗaya ba. Yana hana ni sakewa."

Harue ba ta ji rabin maganar ba. Idonta na kan tsumman. Ga shuɗin zare, ga furanni biyu rawaya. Ja kuwa babu ko ɗigo.

"Malama, jajayen ƙulle-ƙullen fa?"

Malama Oikawa ta sunkuyar da kai cikin tausayi.

"Kada ki damu. Ido ya tsufa gare mu duka, hannu kan kuskure. Na warware miki su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya gani."

Abin da Harue ta yi niyyar binnewa har kabari, a nan ya zubo gaba ɗaya, ba kai ba gindi: rijiya, yarinya, ƙararrawa, fitilar da ta mutu, hanjin na'ura, zanzaron ƙarya, tarin ƙarya, kwalaben zuma biyar. Tana faɗa tana nuni da hannu har ta kusa ture kofi. Da ta kai aya sai aka ji ruwan tukunyar shayi yana waƙarsa.

"Wato," in ji Malama a hankali, "ramuka na share daga tsumma, na bar su a ƙasa."

"Haka ne."

"Yarinyar tana da suna?"

"Ba su ba ta ba. Ni dai ina ce mata 'yar nan."

Malama ta ɗaga tsumman da hannu biyu ta juya wajen taga. Ta daɗe tana kallo.

"Hudar allurar tana nan. A haske ana ganinta, ƙanana ƙanana. Wayarki ba za ta kama su ba." Ta sauke shi ta ninke. "Ba zan mayar miki da shi ba, Harue-san. Kin san wannan cin fuska ne, kuma mijinki da sanda ya kawo shi."

"Na sani, Malama."

"Amma ban taɓa jin an hana mutum fita ziyara da tsummansa ba. Ƙarfe nawa kike ɗora shinkafa?"

Washegari aka tashi da yayyafi, siriri, mai ɗumi, irin wanda yake shiga kabad ya kwanta a cikin tufafi. Ƙarfe shida daidai Malama Oikawa ta bayyana da laima, cikin rigarta ta gargajiya ruwan toka, akwatin a ƙirjinta. Genzo ya rusuna mata sau huɗu. Aka ba shi aikinsa: mafici a hannun dama yana yi wa na'ura fifita, tocila a hagu yana haska bayan tsumma, don hasken taga bai isa ba.

"Yau ɗaya dai ka yi abu biyu lokaci guda," in ji Harue.

Allon ya buɗe, baƙi. Malama ta durƙusa a gefe, ta ɗaga tsumman a gaban tocila.

"In ba damuwa, taku uku gaba. Sannan, in kin ga dama, ki juya dama."

Taku uku. Dama. Sai wani dogon fito mai gangarawa ƙasa, da tim.

"Me ya faru?"

"Ta mutu, Malama."

"Ta mutu? Ni na kashe ta?"

"Ba komai, tana tashi. Za mu koma gindin matakala."

Genzo ya leƙa ta gefe, ya yi gyaran murya.

"Malama, a gafarce ni, kamar ta baya kika riƙe shi."

Malama Oikawa ta dubi tsumman, ta dubi ƙulle-ƙullen bayan ɗinki suna kallonta. Kunnuwanta suka yi ja. Ta juya shi, ta gyara zama, ta tura hannun rigarta sama har gwiwar hannu, abin da ba wanda ya taɓa gani a layin nan.

"Mu koma," ta ce.

Suka koma. Da farko da "in ba damuwa" ake tafiya. A rami na uku "in ba damuwa" ta faɗi a hanya. A na shida Malama ta tashi a kan gwiwoyinta.

"Biyu gaba. Tsaya! Hagu. Hagu na ce, Harue, ke kurma ce?"

"Hagun na yi!"

"To yi wani! Kai kuma ɗaga tocilan, ba silin muke karantawa ba!"

"Hannuna ya gaji, Malama."

"Ƙafa ka karya, ba hannu ba!"

Tukunyar shinkafa ta yi kukanta a kicin. Shekara talatin da bakwai wannan kuka yana tayar da Harue ko tana tsakiyar lungu. Yau ko gira ba ta ɗaga ba. Warin ƙonannen kifi ya fara tasowa daga bayan na'urar, a hankali, kamar baƙon da ya san ba a so ya zo. Genzo ya ƙara wa maficin wuta har gashin Malama ya fara tashi. Rami na tara. Na goma. A na goma sha ɗaya hudar ta yi kusa da ɗinki ƙwarai, Malama ta kai tsumman har kan hancinta, ta rufe ido ɗaya.

"Bi ta dama, ki manne da bango. In na yi kuskure, ki daina gaishe ni."

Taku, taku, taku. Sai ɗan kiɗan matakala ya tashi.

Ihun da tsofaffin nan uku suka yi, matar wanzami ta ce ta zaci gobara ce.

"A ajiye a nan a ci abinci?" in ji Genzo.

Harue ta shinshina iska, ta dubi ruwan da ke gangara a gilashin taga.

"Ba za ta kai gobe ba. Malama, kin iya karanta waya?"

"Miƙo."

Hawa ukun sama ƙanana ne, kuma ƙafar Harue ta san su tun tana da baƙin gashi. Malama na karantawa, tana mita a kan gashin kyanwar da ya rufe wata kwana, Harue na dannawa, Genzo na sauya hannu. Allon ya fara ɗan ƙyaftawa. Na uku ya wuce. Na biyu ya wuce. A na ɗaya ba mai magana kuma, sai ƙirga, su uku baki ɗaya, kamar yara a aji. Sha bakwai. Sha takwas. Sha tara.

Wani ɗigon fari ya bayyana a tsakiyar baƙin. Ya yi girma, ya zama da'ira, da'irar ta cika da shuɗi, shuɗin da ba shi da gauraye, irin wanda na'urar ta ɓoye a cikinta shekaru talatin da bakwai ba ta nuna wa kowa ba. Aka ga bakin rijiya, da ciyawa layi huɗu, da yarinyar a karo na farko, 'yar mitsitsiya, ta ba su baya. Ƙararrawa ta kaɗa sau uku da muryar gwangwani. Harue ta ɗora hannu a baki. Kafaɗunta na rawa, ba a san ko dariya ba ce ko kuka.

"Ashe gajera ce," in ji Malama, tana share ido da tsumman hawa na huɗu.

Rubutu ya fara hawowa. An gode da wasa. Ga wata kalma ta sirri. A rubuta ta a katin wasiƙa a aika wa kamfani a adireshi kaza, mutum ɗari na farko za a aiko musu da takardar shaida. Malama ta zaro farar takarda da alƙalami daga ƙirjin rigarta, ta kwafe kalmar da adireshin da rubutunta mai kyau kamar na katin biki. Tana ɗaga alƙalamin na'urar ta yi wani ɗan fat, shuɗin ya tattare ya koma ɗigo, ɗigon ya tafi. Genzo ya ci gaba da fifita na ɗan lokaci, sannan ya sauke maficin.

Harue ta ɗora tafin hannunta a kan na'urar. Da ɗumi, kamar goshin mai barci. Ta bar shi a nan har numfashi uku. Sannan ta karɓi takardar daga hannun Malama, ta miƙe, ta zaro jakar kuɗinta daga ƙugiya.

"Ina kuma za ki?" in ji Genzo.

"Gidan waya."

"Uwar Kiyomi, kamfanin nan ai tun kafin a haifi jikokinki aka daina jin ɗuriyarsa. Kuma gidan waya ba ya buɗewa sai tara."

"Sai in jira a bakin ƙofa. Mutum ɗari kacal suka ce, kada a riga ni." Ta tura ƙofar ɗakin gefe. "Zuba wa Malama shinkafa. Kofuna suna kicin, Malama, shiga abinki."

Ta fita tana 'yar waƙarta ta ƙirga taku.